Ikon Allah a Rubuce

Tudun Gawo,
16 ga Mayu.

Zuwa ga Yaya Kalsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida Malam Balarabe da 'yata Fareeda. Mu nan lafiya lau, sai zafi da jiran ruwa. Takwararki Ummukulsum ta fito da haƙori biyu, uwarta tana gaishe ki.

Na san za ki ce Yari ba ya tunawa da ke sai da dalili. To, da dalilin kuwa. Da na kira ki a waya kin ce in dai maganar gona ce in rubuto. Shi ya sa na ba Salissou direban tirelar shanu wannan takarda, tunda duk Alhamis yana lodi a Maigatari ya sauke a mayankar Oko-Oba kusa da rumfarki.

Wani kamfanin casar shinkafa ne ya shigo garinmu. Ashe ofishinsu yana Ogba, nan bakin ƙofarki. Za su ba mu iri da taki da maganin feshi mu noma, in an yi girbi su saye duka. Da suka zagaya suka ga fadamata, malamin gonarsu Mista Dele ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce duk yankin nan bai ga ƙasa irinta ba. Nan take suka naɗa ni shugaban manomansu, mutum arba'in a ƙarƙashina. Sun ba ni riga da hula mai tambarinsu, sun ɗauke ni hoto a kan jingar da ke tare mana kogi. Yanzu ko masallaci na nufa sai ki ji ana Oga Yari, Oga Yari. Kunya nake ji wallahi, amma ba zan ɓoye miki ba, da daɗi.

Inda na tsaya shi ne takardar yarjejeniyar. Shafi shida ce, duk da Turanci, kuma sun nemi takardar fadamar ta wurin dagaci su riƙe a matsayin jingina. Malaman makarantar garin nan kowa ya karanta sai ya faɗi nasa daban, ni kuma ba na so su san cikina. Ke kika yi sakandare a Ikko, ke ce jinina. Ki karanta ki fayyace min kafin in sa hannu.

Ga ƙullin kuka da daddawa nan, ba yawa.

Ƙanenki,
Yari Sadisu.


Agege,
21 ga Mayu.

Oga Yari,

Wa alaikumus salam. Ko sai na durƙusa kafin in ci gaba? Muna lafiya. Malam Balarabe yana fama da ƙafa, tsayuwar mayanka ce. Fareeda tana jarrabawa. Ni kuma ina nan cikin hayaƙin babbakar fata yadda ka san ni, ganda nake wankewa ina sayar wa matan Yarbawa, ba wanda ya taɓa ɗaukata hoto. Kuka ta iso, an gode. Ka shafa min kan takwarata.

Na ga ka rubuta "fadamata", alƙalaminka ko tuntuɓe bai yi ba. Ni dai a iya sanina fadamar kakanmu Baba Tsoho ce. Amma bari in yi aikin da aka sa ni.

Wuri uku za ka buɗe kunne. Sashe na huɗu ya ce ka tabbatar gonar taka ce kai kaɗai, ba mai haƙƙi a cikinta. Nan kam ba ka da damuwa, tuni aka share maka hanya. Sashe na bakwai ya ce buhu ɗari da ashirin za ka kawo. In ka kasa ta dalilin sakacinka, kamfani zai riƙe fadamar shekara bakwai, ya ba wanda ya ga dama ya noma, kai kuwa ko ciyawar akuya ba za ka yanka a ciki ba.

Sai sashe na goma sha ɗaya, wanda na karanta sau uku ina dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko lafiya. Sunansa "Ikon Allah". Haka suka rubuta da Turancinsu. Wai in ambaliya ce ko fari ko farin ɗango ya cinye amfanin, to ba laifinka, fadama tana hannunka. Amma da sharaɗi. Sai an kai musu sanarwa a rubuce, a ofishinsu na Ogba, cikin kwana goma sha huɗu daga ranar da abin ya faru. In ya wuce haka, a wurinsu ya tashi daga ikon Allah, astagfirullah.

Ka san abin da ya ba ni dariya? Shekara goma sha tara ke nan da aka karanta min wannan sashen, kuma ba da Turanci ba. Babana Ja'afar shi ne babban ɗan Baba Tsoho. Ya rasu a nan Agege, Baba Tsoho ya bi shi bayan kwana arba'in. Muka hau mota ni da Inna muka zo rabon gado. A zauren gidanku babanka Baffa Sadisu ya ce wanda ya riga ubansa mutuwa 'ya'yansa ba su da gado, haka shari'a ta ce. Na san haka ta ce, ban ja da shari'a ba. Amma da Inna ta fara kuka sai ya dube ta ya ce, "Ikon Allah ne, Hansai." Kwana arba'in fa, Yari. Da Babana ya ƙara kwana arba'in da ɗaya a duniya, da yau wata ce ake ɗauka hoto a kan jinga. Wancan ikon Allah ya fid da ni daga gona, wannan na takarda zai riƙe maka ita. Kai kam ka iya zama a inuwa.

A shafi na shida akwai gurbin wakili a Ikko. Sa sunana in ka ga dama. Ogba motar danfo ɗaya ce daga nan, kuma ba na so a ce 'yar Ja'afar ta ƙi jininta.

Yayarka,
Kalsum.


Tudun Gawo,
25 ga Yuli.

Yaya Kalsum,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ba ki haƙurin jimawa, aiki ne ya sha kaina. Allah ya ba Malam Balarabe lafiya. Ga man shafawa na wurin wanzamin garinmu, a gasa ƙafar da ruwan ɗumi kafin a shafa. Mu duk lafiya, damina ta zauna.

Na sa hannu, na kuma sa sunanki. Da ma a ce kin ga shinkafar nan. Ta kai min ƙugu, kore shar, tun daga gindin gawo har bakin kogi. Mista Dele ya kawo manyansu sun gani, ɗaya har cire takalmi ya yi ya shiga. Sun ce in an yi girbi za su kawo ni Ikko taro a wani otal a Ikeja, in yi wa manoma jawabi. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba.

Sashen nan na goma sha ɗaya na kai wa Liman Zulkifilu. Ya yi ta dariya, ya ce wato su masu kamfani abu uku suka ware wa Ubangiji, to sauran na wane ne? Ai ko ƙaya ce ta soke ka ikon Allah ne. Don haka ni hankalina kwance yake, duk abin da ya faru sashen ya rufe ni. Abin da bai kwanta min ba shi ne kai sanarwar. Sai nake ji kamar mutum ya rubuta ƙarar Ubangijinsa ya kai ofis. Allah ya sa kada mu kai ga haka.

Maganar gado kuwa, Yaya, abin da ya wuce ya wuce, ina yaro a lokacin. Nan ma masu baƙin ciki sun yi yawa a gari, har an ce asiri na yi wa kamfani. Ni dai na ce hassada ga mai rabo taki ce.

Kuma ban manta da ke ba. In Allah ya kai mu girbi zakkar bana za ta yi kauri. Na riga na gaya wa Liman buhu biyu a ciki naki ne, kafin na kowa.

Ƙanenki,
Yari.


Agege,
30 ga Yuli.

Yari,

Lafiya muke. Man ƙafa ya iso.

Na ga ka taɓo maganar gado, ka ɗora mata karin magana a kai, wai mutanen gari kake nufi. Ni ba yarinya ba ce. Eh, ina jin zafi. Ina jin zafi in wuni hannuna cikin ruwan fata har farcena ya yi laushi, in dawo gida in karanta yadda shinkafa ta kai maka ƙugu. Shekarata talatin da takwas a Ikko, otal ɗin Ikeja sai dai in hango shi ta tagar danfo. Ban ɓoye ba, ban kuma je wurin boka a kanka ba.

Amma zakka, Yari? Daga gonar kakana? Ka sa sunana a bakin Liman cikin jerin miskinai, gari duk ya ji? Inna ta rasu a ɗaki ɗaya na haya a nan Agege, ba ta taɓa miƙa wa gidanku hannu ba. Ka ba mabuƙata, suna nan da yawa kusa da kai.

Kada ka sake rubuto min sai in takardar kamfani ce.

Kalsum.


Tudun Gawo,
5 ga Satumba.

Yaya Kalsum,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu rayukanmu lafiya, alhamdu lillahi. Wannan takardar kamfani ce, don haka ban saɓa miki ba.

Ranar Lahadi ɗaya ga wata da hantsi kogi ya ci jinga. Kwana huɗu muna cika buhuna da ƙasa muna tarewa, maza da samari, har masu baƙin cikin nan sun fito. Ina tsaye a kai na ji ƙasa tana motsi ƙarƙashin ƙafata. Kafin azahar babu fadama. Shinkafar ta fara fid da kai, Yaya, saura kaɗan. Yanzu in kika tsaya a kan tudu ba ki ganin komai sai ruwa da kan gawo. Ban iya cin abinci ba sai shekaranjiya.

Mista Dele ya zo ranar Talata a kwalekwale da takardunsa. Mutumin kirki ne, ya yi mana jaje da Hausarsa ta kasuwar Agege. Ya tambaye ni me ya jawo wannan. Na amsa masa yadda Musulmi ke amsawa, na ce Allah ba ya zaluntar bawa, halinmu ne ya ja mana, mun yi sakaci. Ya rubuta, na sa hannu. Ya ce amma nasa rahoto ne kawai, sanarwa sai ta fito daga hannuna ta isa Ogba.

Ga ta nan a ninke a ciki, malamin makaranta ya rubuta min da Turanci. Sai da na yi istigfari kafin in sa hannu. Don Allah ki kai musu da zarar ta iso. Kin fi ni sanin kwanakin. In fadamar nan ta fita hannuna shekara bakwai, ban san abin da zan ciyar da mutum tara da shi ba.

Maganar zakka, ki yafe min. Ban iya magana ba ne.

Ƙanenki,
Yari.


Tudun Gawo,
12 ga Satumba.

Yaya,

Sallama. Ina fatan ba rashin lafiya ba ce. Salissou ya ce hannu da hannu ya ba ki ranar Asabar, a gaban rumfarki, har kin ba shi ruwan leda. Kullum sai na hau tudun makaranta inda ake samun sabis na kira ki, wayar tana shiga ba a ɗagawa. Yau kwana goma sha ɗaya da ruwan.

In kin kai, ki aiko min da kalma ɗaya in samu barci. In fushi ne, ki kai tukuna, sannan ki zage ni son ranki.

Yari.


Agege,
18 ga Satumba.

Yari,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ba ni da uzurin ciwo. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Takardarka ta iso ranar bakwai ga wata, kamar yadda Salissou ya faɗa. Da na karanta cewa babu fadama sai kan gawo, wani sanyi ya ratsa ni. Daɗi na ji, Yari. Na yi a'uziyya, na sake karantawa, na sake jin daɗin. Na jefa sanarwar cikin kwanon da ke saman kabad na rufe. Ba nufina ka rasa gonar ba, Allah shi ne shaida. Cewa na yi bari Oga ya ɗanɗana mako guda na rashin gona, ni da na ɗanɗana shekara goma sha tara. Ina ganin kiranka ina kife wayar. Na yi niyyar kaiwa dab da cikar wa'adi.

Ranar Asabar takardarka ta biyu ta iso. Na bar rumfa a buɗe na hau danfo. Na tarar da ofis a kulle, mai gadi ya ce ba sa aiki Asabar. Lahadi ce ranar ta goma sha huɗu. Litinin kuma hutun Maulidi, wanda ni Musulma na manta da shi sarai. Sai jiya Talata na samu shiga, kwana biyu bayan wa'adi.

Manajar mace ce, Bayarbiya. Na durƙusa mata da Yarbanci kamar yadda ban taɓa durƙusa wa kowa ba a garin nan. Na ce laifina ne, ni na riƙe takarda. Ta ce lattin kwana biyu da sun iya kau da kai, tunda ambaliyar kowa ya ji ta a rediyo. Sai ta buɗe fayil ta juyo min da rahoton Mista Dele. Ka san abin da ya rubuta? Manomi ya amsa da bakinsa cewa halinsu ne ya jawo, kuma sun yi sakaci da jinga. Ga sa hannunka a ƙasa.

Na ce mata ba jinga kake nufi ba, sakaci da salla da zumunci kake nufi. Na ce a wurinmu in masifa ta sauka, mutumin kirki ba ya buɗe baki ya ce Allah ne ya yi masa, sai ya ɗora wa kansa, ladabi ne. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "To waye ya yi, Allah ko shi?" Na ce Allah. Ta ce, "To me ya sa ya ce shi ne, har ya sa hannu?" Ta ce da latti da amsa laifi sun haɗu, ba abin da za ta iya, ƙarshen Oktoba sashe na bakwai zai hau kanka.

Kai da bakinka, ni da zuciyata, mun haɗu mun rufe ƙofar. Amma nawa ya fi muni, don kai ba ka sani ba.

Yanzu ga abin da ya rage. Akwai wani lauya da ke sayen nama wurin Malam Balarabe, na kai masa takardun. Ya sa yatsa a sashe na huɗu. Ya ce in ta tabbata akwai wani mai haƙƙi a fadamar wanda bai sa hannu ba, jinginar ba ta ɗauru ba tun farko. Za su tuɓe ka daga shugabanci, za su bi ka iri da takin da suka ba ka a hankali, amma ƙasa ba za su taɓa ta ba.

Don haka ka je wurin dagaci ka ce ina da rabo a ciki, ya rubuta ya buga hatimi. Ƙarya ce, na sani. Ni na ɓata, ni zan ɗauki zunubin. Ko taku ɗaya ba na so a fadamar, takarda ce kawai za mu nuna musu. In ya ce sai ka rantse, to nan kam ban san yadda za mu yi ba.

Yayarka,
Kalsum.


Tudun Gawo,
26 ga Satumba.

Yaya Kalsum,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya fara ja.

A tasha na karanta takardarki, a tsaye, ban bi shawararki ba. Kwana uku ina zaginki a zuciya. Na ce da gangan kika yi, kin riƙe sanarwa don ki shigo fadama ta taga tunda an hana ki ƙofa. Har na gaya wa uwar Ummukulsum gara kamfani ya ci shekara bakwai da in rubuta sunanki a kan ƙasata.

Kin ce kina jin zafina. Ni na riga ki. In kuka zo hutu daga Ikko da takalminki mai igiya, Baba Tsoho sai ya ɗora ki a jaki zuwa fadama, ni in biyo ku a ƙasa da fartanya biyu. Ya sa ki yi masa ƙirga da Turanci yana dariya har da hawaye. Ni da ke kwana ina tashi da shi, ban taɓa ba shi dariya irin wannan ba.

A rana ta huɗu na je wurin dagaci. Ya ce sai da rantsuwa, kamar yadda kika zata. Na yi alwala, Liman ya kawo Alƙur'ani, na dafa. Na rantse, Yaya, kuma ba ƙarya na rantse a kai ba.

Kwana tara kafin Baba Tsoho ya cika, ya sa aka kira Babana. Ni ke zaune a bayansa na tallafe shi, don ba ya iya zama da kansa. Ya ce, "Sadisu, na san shari'a ba za ta ba 'yar Ja'afar ba. Sulusin fadama, daga gawo zuwa gabas, nata ne. Wasiyya ce." Sau biyu ya faɗa. Da muka fito zaure Babana ya riƙe min kafaɗa ya ce abin da na ji ciwo ne ke magana. Ranar rabon gado ina tsaye bakin ƙofa lokacin da Inna Hansai ke kuka.

Na rubuta miki cewa ina yaro. Shekarata goma sha bakwai a lokacin. To a ce yaro ne. Amma Babana yau shekararsa takwas da rasuwa, ba mai riƙe min kafaɗa. Duk shekara sai in ce bana zan faɗa, duk shekara kuma gabashin gawo ne ke fin ko'ina albarka. Na sa wa 'yata sunanki ko zan ji sauƙi, ban ji ba. Buhu biyun nan ma haƙƙinki ne na kasa kiran sa da sunansa.

Kada ki ɗauka na gyaru ne. Da ruwa bai zo ba, da har yau bakina a rufe yake.

Ga takardar dagaci nan da hatimi da sa hannun Liman. Gari duk ya ji. Jiya na je masallaci, ba wanda ya ce Oga. Ki kai musu ko kada ki kai, yanzu fadamar a hannunki take.

Ƙanenki, in har yanzu kin yarda,
Yari.


Agege,
8 ga Oktoba.

Yari,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Malam Balarabe da sauƙi.

Na kai. Ranar Litinin bayan takardar dagacin ta iso na kai, da sassafe, ni na fara shiga ofis ɗin. Lauyansu ya juya ta, ya kira dagaci a waya, ya sa na dawo sau biyu. Jiya suka miƙo min takardar fadama. Sun cire sunanka daga shugabanci, batun iri da taki kuma za su aiko maka da bayani ta hannun Mista Dele. Ƙasa dai ta tsira, yaranka za su ci abinci.

Takardar tana hannuna, ba zan ba Salissou ba. Da ƙafata zan kawo ta in ruwa ya gama ja, dagaci ya raba ta biyu, kowa da tasa. Na ce maka ko taku ɗaya ba na so. Lokacin ina zaton ƙarya ce. Yanzu ina so, har gindin gawon. Kada ka sa garma a gabas sai na zo.

Ban zage ka ba, ka lura. Wadda ta kife waya mako guda tana kallon sunan ƙanenta ba ta da bakin zagi. Na yi zaton in na riƙe takardar nan zan ji daɗi irin wanda na ji ranar da na karanta labarin ambaliya. Ban ji komai ba. A tashar Ogba na zauna kan benci na yi kuka, har wata mai sayar da lemo ta ba ni ƙyalle.

Ba gonar nake wa kuka ba. Tun ranar zauren nan, in na idar da salla ina jero mamatanmu. Babana, daga baya Inna, har babanka ina sawa don kunyar Allah. Baba Tsoho kaɗai nake tsallakewa. Na ce shi da ya san shari'a, ya san ɗansa ya riga shi, ya yi kwana arba'in da bakinsa da hankalinsa bai ce uffan a kaina ba. Na ce ashe dariyar banza yake min. Inna ma da wannan ta tafi, ko sunansa ba ta yarda a ambata a ɗakinmu. Shekara goma sha tara tsohon nan yana kwance, ko fatiha ɗaya bai samu ba daga wadda ya tuna da ita lokacin da ba ya iya zama da kansa. Wannan dagaci ba shi da hatimin da zai buga a kai.

Yau da azahar na ɗaga hannu zan sa shi. Sai da na gwada sau uku sunan ya fita.

Mu mata ba ma shiga maƙabarta, don haka kai za ka je. Ka tsaya a kansa ka gaya masa saƙonsa ya iso. In ka iya, ka gaya masa wanda ya riƙe shi a hanya.

Kalsum Ja'afar.